Wata bakwai ana neman hujin da babu shi: nazarin takardun wata mai jego a Maradi

## Kafin a buɗe mata dosiye

Matar da wannan nazari ya bi shekarunta 19, kuma cikin fari ne. An sakaya sunanta, da na ƙauyensu, da na asibitin da abin ya faru a cikin birnin Maradi. Ƙauyen yana arewacin jihar, irin wanda motar kasuwa ke shiga sau ɗaya a mako. Da cikin ya tsufa ta tafi goyon ciki gidan iyayenta kamar yadda aka saba. Naƙuda ta taso mata a farkon damina, ta kwana biyu a durƙushe, ungozoma da gwaggonta na kanta, ana ba ta rubutu da jiƙo. A rana ta uku aka shimfiɗa ta a amalanke zuwa CSI, wato ƙaramin asibitin karkara, mafi kusa. Majo, ma'aikacin jinyar da ke riƙe da wurin, ya duba ya ga kan ɗa ya cije a ƙugu, ya rubuta takarda aka wuce da ita gaba. Da daren ranar aka yi mata aiki, aka ciro ɗa namiji ba rai.

An sa mata robar fitsari lokacin aikin, aka cire a kwana na uku. Macen da ta sha doguwar naƙuda irin wannan, masu aikin yoyon fitsari kan so a bar mata robar kamar mako biyu don mafitsara ta huta. An sallame ta a kwana na shida tana jan ƙafar dama, silifa na zame mata, aka ce gajiyar naƙuda ce. Kafin mako ya zagayo tabarmarta ta fara jiƙewa.

Ɓarnar da kan ɗa ke yi idan ya daɗe a matse cikin ƙugu iri biyu ce. Ta farko kowa ya san ta: naman da ke tsakanin mafitsara da farji ya matsu tsakanin kai da ƙashi, jini ya daina isa gare shi, ya mutu, bayan ƴan kwanaki ya zube ya bar huji. Fitsari ya riƙa bi ta hujin dare da rana, mafitsara ba ta tara komai. Wannan shi ne yoyon fitsari. Ta biyu kuwa jijiyoyi take taɓawa. Hausa tana kiran abubuwa da yawa jijiya, har da ta jini da ta agara. A nan ana nufin masu kai saƙo daga laka. Waɗanda ke fitowa ta tsatso, a gaɓoɓin da likitoci suka sa wa S2, S3 da S4, su ne ke sanar da mutum cewa mafitsara ta cika, su ne kuma ke sa ta matse. Wata kuma tana saukowa daga L4 da L5, ta bi ta bakin ƙugu ta tafi ƙafa, ita ke ɗaga tafin ƙafa sama. Idan ta matsu sai ƙafa ta saki, a riƙa janta. Idan na mafitsara suka matsu, ko naman mafitsarar ya miƙe ya wuce ƙima saboda fitsarin da ya taru lokacin naƙuda, sai ta zama kamar salkar da babu mai matsa ta: ta cika tam, abin da ya yi yawa ya riƙa tsiyaya ta hanyar fitsari ta asali. Daga waje zani jiƙaƙƙe ne a duka biyun, zarnin ma ɗaya. A ciki ne suka rabu, ɗaya fanko, ɗaya cikakka.

## Mako na 6: alamar tambaya

Da aka gama arba'in mahaifiyarta ta sayar da akuya ta kawo ta Maradi. Suna cikin na ƙarshe a layi. Likitan da ya gan su sabo ne a wurin, ya saurari labarin doguwar naƙuda da ɗan da bai zo da rai ba, ya ga cinyoyinta sun saɓe saboda jiƙa. Uwar ta ce masa, "Lokotoro, ɗiyar nan ba ta jin fitsarin ya taho, sai dai ta gan shi ga zane." Bai yi gwajin bula ba, wato zuba ruwa mai shuɗi cikin mafitsara a ga ko zai ɓullo ta huji, domin ranar babu ruwan a ɗakin duba marasa lafiya, bai kuma danna mararta ba. Ya rubuta da Faransanci cewa tana tsiyayar fitsari tun bayan haihuwa, a ƙasa ya sa haruffa uku da alama: FVV ? Haruffan su ne taƙaitaccen sunan hujin da ke tsakanin mafitsara da farji. Alamar tambayar kuma tana nufin zato yake, bai tabbatar ba. Ya ce su dawo bayan wata uku, idan naman ya warke.

Daga nan takardar ta tafi ɗan ofishin ƙididdiga, inda wani saurayi ke kwafe dosiyoyi cikin rajista yana ba kowace cuta lambarta. Littafin da yake bi shi ne CIM-10, wanda a Najeriya aka fi sani da ICD-10, jerin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya. An amince da shi a 1990, ƙasashe suka fara aiki da shi daga 1994. Bugu na 11 ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2022, amma asibitin yana kan na 10. Kowace cuta tana da harafi da lambobi. Hujin mafitsara da farji N82.0 ne. Mafitsarar da ta saki saboda jijiya N31.2 ce. Tsiyayar fitsarin da ba a san dalilinta ba kuma R32.

Saurayin ya sa N82.0. Wanda bai san littafin ba zai ce ya yi ganganci, ya haɗiye alamar tambaya. Sai dai juzu'i na biyu na littafin, inda aka zayyana ƙa'idoji, ya ce idan aka sallami mara lafiya kuma cutar tana nan a rubuce da "ana zato" ko "wataƙila", babu wani ƙarin bayani, to a ba ta lamba kamar an tabbatar. Juzu'in ya kuma ja hankalin likita da kansa: idan bai tabbatar ba, ya rubuta alamar da ya gani, kada ya rubuta sunan cuta ya maƙala masa shakka. Rajistar ma ba ta da gurbin da za a sa alamar tambaya. Gidan lamba ɗan ƙarami ne, harafi ɗaya da lambobi uku yake ɗauka.

A ƙarshen wata aka kwashe rajistar cikin kwamfuta. Tun da asusun UNFPA na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙaddamar da yaƙi da yoyon fitsari a 2003, asibitoci da dama sun saba da tara mata a yi musu aiki a jere idan ƙwararre ya zo, masu tallafi su ɗauki kuɗin. Wannan asibitin yana fitar da jerin matan ne ta hanya mai sauƙi: a tace fayil, duk mai lambar da ta fara da N82 ta shiga. Sunanta ya shiga. Uwar ta yi hamdala da ta ji aikin kyauta ne.

## Wata na 2 zuwa na 4: jira a gida

An sallame ta da shawarar da ake ba masu yoyon fitsari, wato ta sha ruwa da yawa don fitsarin ya tsarkaka, zarni ya ragu. Ga mai huji shawara ce mai kyau, tunda abin da ya shiga yana fita. Ita kuwa duk kofin da ta sha sai ya je ya tarar da mafitsarar da ta riga ta cika.

A wata na uku masassara ta kama ta, da ciwo a kwiɓi biyu. Tsakiyar damina ne, CSI cike da yara masu zazzaɓin sauro, aka yi mata gwajin yatsa aka ba ta maganinsa. Zafin jikin ya sauka ya dawo. Karo na biyu aka ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta na kwana bakwai. Majon ya buɗe karnenta, ɗan littafin asibitin da ke hannunta, ya ga FVV da hatimin asibitin birni, ya ce ta yi haƙuri ranar aikinta na tafe. Ba wanda zai zauna yana laluben mafitsara cike a jikin matar da aka rubuta tana da huji, don haka shi ma bai danna marar ba.

A gida an gwada saiwoyi, an yi hayaƙi, an karɓo rubutu daga malamai biyu. Ta daina zuwa rijiya, ta daina shiga taron suna. Abin da ya fi damunta, in ji uwar, shi ne alwalar da ba ta tsayawa.

## Wata na 4: teburin aiki

Ƙwararren da aka gayyato daga wani gari kwana biyar zai yi, mata kuma sun fi kwanakin yawa. An tantance su ne da dosiye, ba a sake duba kowa a ɗaki ba. Ita ce ta huɗu a rana ta biyu. An yi mata allurar baya, aka gyara ta a tebur, likitan ya zura roba don ya fara gwajin bula. Fitsari ya yi ta zuba har mililita 900, kusan lita guda. Mafitsarar babban mutum takan nemi a zubar tun tana tsakanin 400 da 500, ta mai huji kuwa da ƙyar ake samun abin kirki a cikinta.

Ya zuba ruwan bula ta robar, ya duba bangon farji lungu-lungu. Ko ɗigon shuɗi bai fito ba. Ya kuma tsaya ya ga ko farin fitsari zai taru a ciki, domin matar da aka yi wa aikin haihuwa ana iya samun rauni a bututun da ke saukowa daga ƙoda, kuma wannan ba ya nuna bula. Wurin a bushe yake. Ya ajiye kayan aiki bai yanka komai ba. A littafin ɗakin aiki ya rubuta dalla-dalla cewa an duba ta cikin allura, gwajin bula bai nuna komai ba, babu huji, mafitsara na riƙe fitsari, a bar roba, a tura ta wurin likitan mafitsara.

Littafin ɗakin aiki a ɗakin aiki yake kwana, cikin kabad mai kwaɗo. Abin da ya bi ta zuwa ɗakin jinya ƴar takarda ce mai gidaje da ake cikewa don rahoton masu tallafi. Gidajen kaɗan ne: nau'in huji bisa rabe-raben Kees Waaldijk, likitan Holan da ya daɗe yana wannan aiki a Babbar Ruga ta Katsina, sai "ya rufe" ko "bai rufe ba", sai "ta bushe" ko "tana tsiyaya". Babu gidan da ya ce ba a sami huji ba. Ma'aikaciyar da ta cike takardar da yamma ta bar gidan nau'i fanko, ta tambayi wadda ta tsaya a ɗakin aiki ko bula ta fito, aka ce a'a, sai ta sa alama a "ya rufe".

Ta yi mako biyu da roba tare da sauran matan, kamar yadda ɗakin ya saba. A kwanakin nan shimfiɗarta a bushe take, masassara ta tafi, ta fara cin abinci, uwar tana ta sa wa likitan albarka. An cire robar, aka sallame ta washegari. Kwana uku da komawa gida tsiyayar ta dawo.

## Wata na 5 da na 6: lamba ta biyu

Yanzu dosiyenta yana cewa an yi mata aikin yoyon fitsari, hujin ya rufe, saura tsiyaya. Wannan abu ne sananne ga masu aikin, domin mata da dama hujinsu kan rufe amma bakin mafitsara ya kasa riƙo. Da ta dawo a wata na biyar, wanda ya gan ta ya karanta wannan layi ya ɗora a kai. Aka ba ta lamba ta biyu, N39.3, tsiyayar da ke zuwa idan an yi tari ko an ɗauki kaya, aka sa ta a jerin waɗanda za a ɗaure wa bakin mafitsara a zuwan ƙwararre na gaba. Kafin nan aka rubuta mata oksibutinin.

Oksibutinin aikinsa kwantar da mafitsarar da ke yawan matsewa ba da izini ba. Ba a ba wanda fitsari ke taruwa masa, don ƙara sakar da naman yake yi. Ta sha na mako biyar. Bakinta ya riƙa bushewa, ta ƙara shan ruwa, mararta ta tasa.

## Wata na 7: hannun sashfam

Ranar da ta zo a rubuta ta don aiki na biyu, wata sashfam, wato ungozomar asibiti, da ta daɗe a ɗakin ce ke auna su. Ta kwantar da ita, ta ɗora hannu a mara, ta ji ƙullutu mai santsi ya kusa cibiya. Ta juya ga uwar.

"Inna, ɗiyarki ciki gare ta?"

"Wane irin ciki, Malama? Tun da aka yi aikin ba ta koma ɗakinta ba."

Aka tura ta eko, hoton da ake haska cikin mutum da na'ura. Babu ciki. Mafitsara ce cike, ƙoda biyu kuma sun fara kumbura saboda fitsarin da ke komawa sama. Aka ce ta je ta yi fitsari iya ƙoƙarinta, ta dawo, aka zura roba, aka sami mililita 650. Mai lafiya abin da ke saura masa bayan ya gama bai cika kai 100 ba.

Likitan mafitsara ya gan ta a makon. Ya taɓa fatar da ke tsakanin gaba da dubura da auduga da tsinken allura, ta ce sama-sama take ji. Ya sa ta ɗaga tafin ƙafar dama, ta kasa. Ya tambayi wane irin ɗinki aka yi mata a wata na huɗu, tunda bai ga tabo ba. Babu wanda ya iya amsawa, sai da aka nemo mai riƙe da makullin kabad aka buɗe littafin ɗakin aiki. Rubutun ƙwararren yana nan da sa hannunsa, wata uku ba wanda ya karanta.

Lambobin da aka ba ta ranar sun fi ɗaya, domin matsalar ma ta fi ɗaya: N31.2 ta mafitsarar da ta saki, N39.4 ta tsiyayar cikowa, G54.1 ta raunin tarin jijiyoyin ƙugu, M21.3 ta ƙafar da ta saki, sai O94 da ke nuna duk wannan ragowar matsalar haihuwa ce. An soke aiki na biyu. Da an ɗaure bakin mafitsarar da ba ta iya matsewa, da an toshe ƴar hanyar da ta rage wa fitsarin, ƙodar ce za ta ɗauki nauyin.

## Tambayar kawu: ba a ɗinke jijiyar?

Ƙanin uwar ɗan kasuwa ne mai shiga Katsina da Kano, shi ya zo ya zauna da likitan. Ya ce tunda an gano jijiya ce, a yi aiki a ɗinke ta, ko nawa ne za a nema. Likitan ya ce masa, "Alhaji, ba tsinkewa ta yi ba, matsuwa ta yi. Irin wannan jira ake yi ta farfaɗo, wata da watanni. Abin da ke gabanmu shi ne kada ƙoda ta lalace kafin nan."

Aikin jijiyar mafitsara akwai shi a duniya. Ana zura siririyar waya ta ramin ƙashin tsatso kusa da jijiyar S3, a haɗa ta da ɗan batir da ake binnewa a ƙarƙashin fatar ɗuwawu, ya riƙa aika ɗan lantarki. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da na'urar InterStim a 1997 don tsiyayar da ke zuwa idan fitsari ya matsa wa mutum farat ɗaya, a 1999 kuma don riƙewar fitsarin da ba toshewa ta kawo ba. Sai an yi gwaji na ƴan kwanaki da batir a waje, idan an sami sauƙin da ya kai rabi sannan a dasa na dindindin. Yana son jijiyar da ke da sauran rai, da kuɗi, da mai duba na'urar shekara da shekaru. Asibitin ba ya yin sa.

Ko da yana yi, da babu inda za a rubuta shi daidai, kuma wannan ya taɓa ainihin abin da ya sami wannan mata. CIM-10 cututtuka yake ƙirgawa, ba ya ba aikin tiyata lamba. Ƙasashen da ke biyan likita bisa abin da ya yi suna da littafi na daban. Faransa tana da CCAM. A Amurka ana bin CPT, inda sa wayar ta huda fata yake 64561, sa ta ta hanyar yanka 64581, dasa batirin kuma 64590. Ka kuskure lamba ɗaya ka rubuta aikin da ba a yi ba. A wannan asibitin gurbin aiki layi ne da ake cikewa da hannu, kuma a lokacin tara mata duk wadda ta hau tebur "gyaran huji" ake rubuta mata. Dubawa cikin allura ba tare da yanka ba ba ta da suna a takardar.

## Wata na 7 zuwa na 10: abin da ya yi aiki

An tsayar da oksibutinin. An kai fitsarinta labo, ɗakin gwaje-gwaje, aka ba ta maganin da ya dace da ƙwayar da aka gani. An bar mata roba mako uku don mafitsarar ta huta ta koma girmanta. Daga nan aka koya mata zura ƴar gajeriyar roba da kanta, ta zubar, ta cire. Jack Lapides na Jami'ar Mishigan ne ya nuna a 1972 cewa ba sai da kayan ɗakin aiki ba: hannu wankakke da sabulu, roba mai tsabta, da yi a kan kari sun isa, domin haɗarin ya fi yawa a fitsarin da ya kwana a ciki.

Kwana biyu na farko ta ƙi. Sashfam ɗin nan ce ta rufe ƙofa, ta kawo madubi, ta zauna da ita har hannunta ya daina rawa. An fara ce mata kowace awa huɗu, abin bai zauna ba, don ba ta da agogo kuma wayar gidan tana hannun mahaifinta. Sai aka ɗaura shi a kan abin da ba ta mantawa: kafin asuba, da hantsi, kafin azahar, kafin la'asar, bayan magariba, sai lokacin kwanciya. An ƙara na hantsi ne saboda tazarar asuba da azahar ta yi tsawo. Ta fi karɓar wannan tsarin saboda wani dalilin nata: idan ta zubar kafin alwala, alwalar tana kai ta ƙarshen salla.

Ma'auninta gorar ruwa ce ta lita ɗaya da aka ja wa zare a rabi. An ce kada abin da ta zubar a karo ɗaya ya haura zaren. Idan ya haura, ta matso da lokaci. Tana jan layi a bayan karne duk ranar da ya haura. A watan farko layukan sun cika shafi, a na uku guda huɗu ne. Ƙafar kuma aka haɗa ta da mai gashi da motsa gaɓɓai, aka yi mata ɗan takalmin da ke riƙe tafin ƙafa.

Sau ɗaya abin ya koma baya, lokacin da robar ta faɗa masai, ta yi kwana tara babu wata kafin motar kasuwa ta zo. Masassara ta dawo. Tun daga nan uku-uku ake ba ta.

## Gyaran takarda

Gyaran takardar ya fi gyaran mafitsarar wuya. An fara da shafe N82.0 a rajista da farin ruwan gogewa, aka rubuta N31.2 a kai, kowa ya ɗauka an gama. A wata na tara wayar mahaifinta ta yi ƙara: ana gayyatar ɗiyarsa aikin yoyon fitsari. Jerin daga fayil ɗin kwamfuta ake fitar da shi, fayil ɗin kuma ba wanda ya taɓa. Uban ya kusa kawo ta, don a ganinsa kiran asibiti ya fi maganar sashfam nauyi.

Da aka zauna aka ƙirga, kuskuren yana kwance a wuri huɗu: karnen da ke hannunta, rajista, fayil, da rahoton wata da aka riga aka tura sama. Uku na farko sun gyaru. An ja layi ɗaya a kan tsohuwar lambar yadda za a iya karanta ta, aka rubuta sabuwa a gefe da kwanan wata da sa hannu. A bangon karnen aka rubuta da manyan baƙaƙe, da Faransanci da Hausa, cewa ba ta da huji, kada a ba ta oksibutinin, a auna ragowar fitsari duk zuwanta.

Na huɗun bai gyaru ba. Rahoton wata yana shiga DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ta ƙirƙira wadda ƙasashen Afirka da dama ke tattara alƙaluman lafiya da ita. Abin da asibitin ke turawa jimla ce, babu suna, kuma watan an riga an rufe shi an tantance. An rubuta takardar neman gyara, ba a sami amsa ba.

Asibitin ya sauya abu uku. Ba a ƙara sa mace a jerin aiki daga tacewar kwamfuta sai da sakamakon gwajin bula da adadin ragowar fitsari a rubuce. An ƙara gida a takardar masu tallafi mai cewa an duba, ba a sami huji ba. An kuma roƙi likitoci su daina sa alamar tambaya, su rubuta abin da suka gani, mai ƙididdiga ya ba shi R32 har a tabbatar. Na ukun shi ya fi saurin sakwarkwacewa. Hannu ya saba.

## Wata na 14

Ragowar fitsarinta ta sauko zuwa mililita 150. Tana jin cikar mafitsara, ko da yake a makare. Robar ta koma sau biyu, asuba da kwanciya. Eko ya nuna kumburin ƙodar ya sauka. Tana tafiya ba ja, silifa dai har yanzu tana zamewa, sai takalmi mai maɗauri. Ta koma ɗakinta. An gaya wa mijin a gaban uwar cewa ciki na gaba a asibiti za a haife shi, kuma tun kafin naƙuda ta taso za ta zo.

## Inda aka kuskure

Da aka zo neman mai laifi, yatsa ya fara nuna saurayin ƙididdiga, don shi ne ƙarami kuma rubutunsa ne a rajista. A ganina shi ne ya fi kowa bin ƙa'idarsa. An yi ƙa'idar ne don ƙirga cututtuka a ƙarshen shekara, inda zato ɗaya cikin dubbai ba ya sauya komai. Ba a yi ta don a zaɓi wadda za a kwantar a tebur ba. Asibitin ya ɗauki lambar ƙirga ya mai da ita takardar izinin aiki, kuma daga ranar da aka fara tace fayil da N82, mai ƙididdiga ya zama mai yanke hukuncin tiyata ba tare da an gaya masa ba.

Likitan farko bai yi ƙarya ba, ya ma nuna shakkarsa, sai dai ya nuna ta a sigar da takarda ba ta iya ɗauka. Abin da za a fi kama shi da shi shi ne marar da bai danna ba, ga kuma mace tana jan ƙafa a gabansa. Ƙwararren ya gano gaskiya tun wata na huɗu, ya rubuta ta daidai, a littafin da ba ya fita ɗaki. Wannan ne kuskuren da ya fi tsada, domin shi ya jawo oksibutinin da kumburin ƙoda da aikin da aka kusa yi. Takardar masu tallafi kuwa an zana ta ne da tunanin cewa duk wadda ta hau tebur tana da huji, don haka ma'aikaciyar da ta cike ta ba ta da amsar gaskiya da za ta zaɓa.

Gidan nau'in huji da aka bari fanko shi ne wurin da ya kamata wani ya tsaya. Huji ya rufe amma ba shi da nau'i, ba shi da girma, ba a ambaci zaren da aka ɗinke shi da shi ba. Takardar ta bi ta hannu uku kafin ta shiga rahoto, kuma a alƙaluman waccan shekarar matar tana nan har yau cikin waɗanda aka yi wa aikin yoyon fitsari aka dace.